Zauren Babana da Karatun da Na Yi Daga Nesa

Da albashina na farko na sayi siminti buhu 12, na sa aka kai gidanmu da ke cikin birnin Zariya. Zauren gidan na ƙasa ne, kakanmu ya gina shi da tubali, rufinsa soro a kan azara. Tun ina yaro nake ganin yadda duk bayan 'yan shekaru ake tara mu, mu ɗebo ruwa mu tattake ƙasa, a yi masa yaɓe kafin damina ta sauka. Na ce daga bana wannan wahala ta ƙare. Na gama digirin fasahar gini a Jami'ar Ahmadu Bello, na yi bautar ƙasa, Allah Ya ba ni aiki, me ya rage in ba in yi wa mahaifina abin da zai kalla ya sa mini albarka ba? Aka kira birkila ya shafe zauren ciki da waje, aka buga fenti. Baba ya ji daɗi ƙwarai, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda tun yana saurayi ginin ƙasa ce sana'arsa. Ya zo ya tarar ana cikin aiki, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, ƙasa ba ta son a toshe mata hanci. Ka bar ta ta sha iska.” Na ce, “Kawu, ku yi haƙuri, zamani ne ya zo da haka. In aka yi wannan an huta ke nan.” Bai ƙara cewa komai ba, ya hau kekensa ya tafi.

Aikin da na samu a sashen kula da gine-gine ne na wata ma'aikata a Kaduna. Ofisoshi, gidajen ma'aikata, ɗakunan kwana, yawancinsu sun girme ni. A nan na gane cewa an koya mini yadda ake ta da sabon gini daga fandisho har kwano, amma ba a koya mini yadda ake zuwa gaban ginin da ya shekara 40 a karanta abin da ke damunsa ba. Abin da muke yi shi ne, in bango ya tsage a cike da siminti, in fenti ya kumbura a kankare a sake, in silin ya yi tabo a canza shi. Bayan damina biyu a dawo wuri guda. Wata rana shugabanmu ya kai ni gaban wani bene mai hawa biyu da mutane ke kwana a ciki, ya nuna mini tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, ya ce, “Injiniya, tambaya ɗaya zan yi maka. In kwashe mutanen nan ko in bar su?” Na yi ta kame-kame. A daren nan ban yi barcin kirki ba. Lokacin kuwa ba a daɗe da faɗuwar benen nan mai hawa 21 na Ikoyi a Legas ba, wanda ya rufta ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kowa a tsorace yake da gini.

Cikin neman amsar wannan tambaya na gano cewa a Birtaniya duba lafiyar gini sana'a ce sukutum mai zaman kanta, mai yin ta safiyon gini ake ce masa. In na ce safiyo, mutanenmu mai awon fili suke ɗauka, ko mai ƙididdige kuɗin kwangila. Wannan daban ne. Aikinsa shi ne ya shiga ginin da ke tsaye ya duba lafiyarsa, ya gano musabbabin lalacewa, ya rubuta rahoto ga mai saye ko mai haya ko mai gida, ya tsara gyara ya kuma sa ido a kansa. Ƙungiyar da ke tantance masu wannan sana'a ita ce RICS, wadda aka kafa a Landan a 1868, kuma akwai jami'o'in Ingila da ke koyar da digiri na biyu a fannin ta intanet, wanda ita ƙungiyar ta amince da shi. Barin aiki da iyali in tafi Turai ba abin da zan iya ba ne. Ina da mata da 'ya'ya uku, ga iyaye sun manyanta. Na nemi gurbi a ɗaya daga cikinsu, suka karɓe ni, na fara a Satumban 2022.

Duk wanda ya ce maka karatu daga nesa karatun hutu ne, bai yi ba. Digiri na biyu a tsarinsu maki 180 ne na darasi, kowane maki ana ƙiyasta shi da awa 10 na aiki, wato awa 1,800 da za ka tsamo daga cikin rayuwar da dama a cike take. Nawa lokacin bayan Asuba ne zuwa ƙarfe bakwai, sai kuma bayan yara sun yi barci. Na sayi ƙaramar sola da batir guda, domin ba a dogara da wutar NEPA a ranar da za a miƙa aiki. Akwai darasin kai-tsaye da yamma, a nan kuma na koyi cewa agogon Ingila ba ya tsayawa wuri ɗaya: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, sauran watannin mun riga su da awa ɗaya. Darasin ƙarfe bakwai nasu, a watannin farko Magariba yake ci mini, a na biyun kuma ya faɗo bayan Isha. Sai in yi salla tukuna, abin da ya wuce ni in kalla a faifan da suke ajiyewa.

Wahalar da ban yi tsammani ba ita ce, ana koya mini cututtukan gidajen da ban taɓa shiga ba. Bango mai ruɓi biyu da rata a tsakani, rufin falalen dutse, bututun hayaƙi, katakon bene da naman gwari ke ci, raɓar da ke taruwa a jikin bango saboda an rufe tagogi an kunna ɗumama ɗaki. Abokan karatuna suna cewa “irin gidan kakata”, ni kuwa sai na buɗe hotuna ina ƙirga layin bulo. Haka ɓangaren shari'a. Na haddace dokarsu ta 1996 a kan katangar da maƙwabta biyu suka yi tarayya a kanta, wadda ta ce sai ka ba maƙwabcinka sanarwar wata biyu kafin ka taɓa ta, alhali na san a unguwarmu irin wannan magana a gaban mai unguwa take ƙarewa. Na karanta yadda gobarar benen Grenfell na Landan ta 2017, wadda ta ci mutum 72, ta sa suka yi sabuwar dokar kiyaye lafiyar gine-gine a 2022. Ba zan ce wannan ɓangare bai amfane ni ba, amma gaskiya ita ce rabinsa ba ya aiki a nan, kuma duk mai niyyar wannan karatu ya san da haka tun kafin ya biya kuɗi.

Darasin da ya biya ni kuɗina shi ne na gano cutar gini. Malamar da ta koyar da mu ba ta yarda ka ambaci magani ba sai ka nuna musabbabi, kuma ba ta yarda da musabbabi ɗaya ba sai ka kawo sauran da ka kore da dalilin korar su. Aikina na farko na rubuta cewa a cike tsagar a sake shafe. Ta mayar mini da tambayoyi a gefen takarda. Tsagar ta fi faɗi a sama ko a ƙasa? Ta ratsa har cikin ɗaki? Tana motsi ko ta tsaya? Akwai bishiya ko magudanar ruwa kusa? A nan na fara sanin cewa tsaga tana da harshe. Wadda ta buɗe a sama ta tsuke a ƙasa labarinta daban da wadda ta yi akasin haka, wadda ta bi layin rodi a miƙe kuwa yawanci tsatsa ce ta kumbura ƙarfen ta ture kankaren. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsaga aji shida. Abin da bai wuce milimita 5 ba galibi muni ne kawai. Daga 5 zuwa 15 ƙofa da taga sun fara cijewa, ruwa na samun hanya. In ta wuce 25 magana ta zama ta tsayuwar ginin kansa. Amma faɗi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai ka bi ta wata da watanni ka ga ko tana ƙaruwa.

Na koma wancan bene da wannan ido. Na kafa ƙusoshi a gefe biyu na tsagar, duk farkon wata in auna in rubuta. Na sa aka tona gindin bangon, sai ga bututun da ke kai ruwan banɗaki sokawe ya fashe, shekara da shekaru yana jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin kusurwar. Muka kira injiniyan ƙarfin gini ya duba, aka gyara bututun, aka ci gaba da awo har damina ta wuce rani ya shiga, tsagar ba ta ƙara ko kaɗan ba. Sannan aka ɗinke bangon. Ranar da na kai wa shugabanmu rahoto mai shafi tara da hotuna da jadawalin awo, na ba shi amsar da ya nema tun bara.

Sai aka zo mako na tsofaffin gine-gine. Ashe a kudu maso yammacin Ingila, musamman yankin Devon, akwai dubban gidajen ƙasa, an kwaɓa ta da tattaka an ɗora a kan gindin dutse, wasu sun shekara ɗaruruwa ana zaune a ciki. Mutanen wurin suna cewa gidan ƙasa hula mai kyau da takalmi mai kyau kawai yake bukata, wato rufin da zai kare kansa da gindin da zai raba shi da laima. Malamin ya sa hoton wani gida da gefensa guda ya zube, ya ce mu faɗi dalili. Bayan mun gama zato ya bayyana. An cire masa tsohon shafen farar ƙasa an yi masa na siminti. Siminti ba ya lanƙwasa, ƙasa kuwa tana kumbura tana motsewa da sauyin yanayi, don haka dole shafen ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi. Ruwan sama ya shiga ta nan, laimar ƙasa ta taso ta gindi, duka biyun su rasa hanyar fita. Bangon ya yi ta shan ruwa a ɓoye, fuskarsa tas, cikinsa yana zama taɓo, har ranar da gindin zai kasa ɗaukar abin da ke kansa.

Na dakatar da faifan. Na daɗe zaune ban motsa ba. Maiɗakina ta leƙo ta ce, “Baban yara, lafiya?” Na ce mata gobe Asabar Zariya zan yi sammako.

Da ƙaramar guduma na bi zauren ina ƙwanƙwasawa. Daga gwiwa zuwa ƙasa kusan ko'ina amsa-kuwwa yake yi kamar ganga, shafen ya rabu da bangon. A kusurwar gabas, ƙarƙashin indararo, na fasa wuri kamar faɗin tafin hannu. Lokacin tsakiyar rani ne, an yi wata huɗu ba a ga ɗigon ruwa ba, amma ƙasar da na ɗebo sai da ta dunƙule a hannuna, ga hanyoyin gara sun yi rassa a bayan simintin. Na kuma lura da abin da na shekara ina takawa ban gani ba: an yi ta ciko a lungunmu har titi ya fi daɓen zauren tudu, ruwan kwata yana kwanciya a jikin bango. Daga nan gidan Kawu na wuce. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Kawu, maganar da kuka faɗa mini shekarun baya, yau na je na gan ta da idona. Ku gafarce ni.” Ya ce, “Tashi, ɗana. Ai niyyarka alheri ce. Soron bai motsa ba ko?” Na ce bai motsa ba. Ya ce to da sauran gyara, amma kada a ɓamɓare shi gaba ɗaya, kuma kada a taɓa shi gab da damina.

Ana cikin haka kuɗi suka juya mana baya. Lokacin da na fara, fam ɗaya a farashin banki bai kai naira 600 ba. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, kafin Fabrairun 2024 fam ya doshi naira 2,000. Kuɗin makaranta bai ƙaru da ko fam ɗaya ba, amma a aljihuna ya ninka sau uku. Na rubuta musu na nemi a ɗaga mini zango guda, suka yarda. Na sayar da filin da na saya da niyyar ginin gidan kaina. Da abin bai kai ba, maiɗakina ta kawo kuɗin adashinta da sarƙarta ta aure ta ajiye a gabana. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, “In ka tsaya a nan, wanda aka kashe a baya ya tafi a banza ke nan. Ka karɓa, Allah Zai mayar.” Har yau in na tuna sai idona ya cika.

A cikin watannin da na ajiye karatun ne, ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan mutane suna sallar La'asar. Aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Wannan masallaci ne da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun shekarun 1830, wanda masana gine-gine daga ko'ina suke zuwa kallon bakan gizonsa, kuma a cikinsa na yi sallar Juma'ar ƙuruciyata ina riƙe da hannun Baba. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya shaida wa manema labarai cewa kwana ɗaya kafin nan an ga tsaga a bango, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya faru. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma ni da na shekara guda ina koyon yadda ake bin tsaga, abin ya tsaya mini a rai ta wata fuska. Muna da masallatai da makarantu da kasuwanni da dubban mutane ke shiga kullum, kuma ba mu saba da a ce ga wani wanda aikinsa ne ya zagaya su duk shekara da littafi a hannu, tun ba a ga komai ba. Ba a cika shekara ba wata makaranta ta rufta a unguwar Busa Buji a Jos, ranar 12 ga Yulin 2024, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Tunanin da nake yi na haƙura da karatun nan, a wannan tsakanin ya fita daga raina.

Da na koma, na nemi a bar ni in rubuta kundina a kan shafen siminti a jikin gidajen ƙasa na birnin Zariya. Na yi zaton za a ce ba ya cikin manhaja, sai mai duba aikina ya ce irin abin da yake son karantawa ke nan. Na'urar gwada laima da ake tokarawa a bango don katako aka yi ta, gishirin da ke cikin ƙasa yana ruɗa ta, don haka na bi doguwar hanya: in huda bango in ɗebi ƙasa, in rufe a kwalba, in auna nauyinta, a busar da ita a tanda mai zafin digiri 105, in sake aunawa. Shiga gidajen mutane kuwa ba don Kawu ba da ban samu ba. Shi ke yin sallama, shi ke yi wa masu gida bayani, ni ina biye da jaka. A hanya yake koya mini abin da babu shi a ko ɗaya daga littattafan da na biya fam na karanta. Yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba. Yadda ake haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe soro ruwa ya bi ta kai ya wuce. Dalilin da ya sa ake yin bango da kauri a gindi ya tsuke a sama, da dalilin da ya sa azarar giginya ta gagari gara. Ya sa tafin hannunsa a bango ya ce wannan ya sha ruwa, in kai ƙasar tanda, awo ya ba shi gaskiya. Na sa sunansa a shafin godiya, na karanta masa da Hausa.

Na kammala a 2025, shekara uku maimakon biyu. Takardar ba ta mayar da ni cikakken ɗan ƙungiyar RICS ba, wannan sai an yi horon aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ka, a rubuce, sannan a zauna gaban masu tantancewa. Ba ta kuma ba ni ikon sa hannu a lissafin ƙarfin gini ba, wannan na injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke tantance injiniyoyi a Najeriya, kuma ina kiran su duk lokacin da abu ya kai can. Albashina bai ƙaru ba tukuna. Abin da ya canza shi ne, yanzu kowane gini a ma'aikatarmu yana da fayil, muna zagaya su sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, kuma yara biyu da ke ƙarƙashina sun daina cewa “a cike a shafe” sai sun tona sun gani.

Zauren kuwa a ranin da ya wuce muka yi shi. Kawu ne shugaban aiki, ƙarfinsa ya ragu, yana zaune a kan tabarma yana nuni da sanda. Muka tokare azarar da itatuwa, muka riƙa ɓamɓare simintin kamu biyu-biyu, a bar wurin ya sha iska mako guda, a cire ruɓaɓɓiyar ƙasar a mayar da sabon tubali, sannan a matsa gaba. Na sa aka yanke ciko a bakin ƙofa, aka ja kwatar nesa da bango, aka ƙara wa indararo tsawo. Makuba sai da muka aika ƙauye aka haɗo mana, domin a birni masu yin ta sun yi ƙaranci. Wata biyu da rabi muka ɗauka. Babban ɗana, mai shekara 11, shi ya tattake ƙasar yaɓen ƙarshe tare da 'ya'yan maƙwabta, ƙafafunsu ja wur har gwiwa.

Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi ina Kaduna. Bayan sallar Asuba Baba ya kira ni a waya, ya ce an kwana ana ruwa, ya fito da tocila ya zagaya zauren ciki da waje, ko'ina a bushe. Ya ce Kawu ma ya zo tun da duhu-duhu, ga shi nan a kusurwar gabas ya ɗora hannu a bango.